Ranar da Kowa Ya Zama Injiniya a Asibitin Ido

A hawa na biyu na wani bene, saman shagon masu sayar da taya, akwai ofishin masu rubuta manhajar kwamfuta. Su bakwai ne a ciki, amma in ka tsaya a matakala ka kasa kunne sai ka rantse mutum ɗaya ne ke aiki, don murya ɗaya ce ke fitowa. Mai muryar wani dogon mutum ne da ake kira Injiniya Sau-Ɗaya. Ba wanda ya zalunce shi da wannan suna, shi ya jawo abinsa, domin ba a hirar minti biyar da shi bai gaya maka cewa shi sau ɗaya yake rubuta manhaja ba, ba ya komawa gyara, wai gyara aikin waɗanda suka yi barci a aji ne. Abokan aiki don tsiya suka laƙaba masa, shi kuwa ya ɗauka yabo ne, har ya sa aka buga masa a jikin kofin shayinsa.

Abu ɗaya ne ya tsaya masa a maƙogwaro a duniya, ita ce Anti Mai Gwaji. Aikinta a ofishin shi ne duk abin da aka rubuta a kai mata ta nemi ɓata shi kafin ya faɗa hannun jama'a. Gajeruwar mace ce mai tabarau da jan biro, ba ta da yawan magana, amma ba ta taɓa danna abu yadda mai shi ya so a danna ba. In an ce a rubuta suna, sai ta bar wurin fanko. In an ce shekarar haihuwa, sai ta sa shekara mai zuwa. Madannin da aka yi don a taɓa sau ɗaya sai ta yi masa uku a jere, wani lokaci ma da gwiwar hannu, in kuma abin ya ƙi mutuwa sai ta sunkuya ta zare wayar wuta tana kallon mai shi ta saman tabarau. Duk aikin da Injiniya ya kai mata sai ya dawo da takarda ta yi jajir. Kullum ƙorafinsa shi ne babu mai hankalin da zai yi abin da take yi, ita kuma amsarta ba ta canjawa: jama'a ba don bin tsarinsa suka zo duniya ba.

Ana nan sai aiki ya faɗo daga wani asibitin ido da ke bayan layinsu. Asibitin na da babban likita mai cire yanar ido, wanda ba a garin yake zaune ba. Sau ɗaya yake zuwa a wata, ya duba mutum ashirin cif, ƙarfe ɗaya na bugawa ya shiga mota ya nufi wani gari. Don haka ranar zuwansa tun da sassafe ake cika, ana turereniya a gaban teburin Sista, babbar nas ɗin wurin, tana rubuta sunaye a wani tsohon littafi mai baƙin bango. Mai Asibiti ya gaji da hayaniyar, ya ce a yi masa na'ura wadda mutum zai taɓa allonta ya shigar da sunansa, ta ba shi tikiti, lasifika ta riƙa kira bi da bi.

Manajan ofishin bai gama sanar da su ba Injiniya ya cafe aikin, amma da sharaɗi ɗaya, wato a ɗauke masa Anti daga hanya. Ya ce mako biyu ya rage likita ya zo, in aka bar ta da jan bironta sai an shekara ba a gama ba. Shi zai rubuta, shi ya san kowane lungu na abin, to wa ya fi shi cancantar gwadawa? Manaja mutum ne da in ka ce masa "da wuri" ka gama da shi. A ranar aka tura Anti sito ta jera tsofaffin wayoyi da matattun kwamfutoci. Da za ta wuce sai ta ajiye masa wata 'yar takarda mai layi ɗaya da jan biro: "Su wa za su taɓa ta?" Injiniya ya duba, ya yi tsaki, ya ɗora kofin shayinsa a kai.

Akwai dalilin da ya sa aikin ya shiga ransa haka. Surukinsa, mahaifin matarsa, tsohon tela ne da yanar ido ta rufe wa ido ɗaya, ɗayan ma ya soma hazo. Shekara biyu ke nan Baba bai hau keken ɗinkinsa ba, don ba ya iya zura zare a allura, kuma wata biyu a jere yana zuwa asibitin yana tarar da an cike ashirin. Wannan karon ya ƙudura zai fita gari na wayewa, har ya aro kujerar ninkewa ya jingine a bakin ƙofa. Ga shi kuma har yau Baba bai gane mene ne aikin surukin nasa ba. In an tambaye shi sai ya ce yaron kirki ne, danne-danne yake yi a wani bene. Wannan magana ta daɗe tana ci wa Injiniya rai, sai ga dama ta samu.

Ya je har gida ya durƙusa ya gaishe shi, sannan ya nuna kujerar.

"Baba, a mayar wa masu ita. Layin asibitin nan yanzu a hannuna yake. Ku karya a natse, ku zo ƙarfe goma kamar manyan mutane, ni da hannuna zan shigar da ku."

"Littafin Sista fa?"

"An yi masa ritaya, Baba."

Baba ya juya sandarsa a hannu. Ya ce, "To, Allah ya sa. Ni dai ko riga na ɗinka, sai mai ita ya sa nake ganin inda ta kama shi."

Injiniya ya yi dariyar ladabi, ya ce ai ɗinki daban, kimiyya daban. Matarsa da ke gefe ta kalle shi, ta kalli kujerar, ta ce ko dai a bar ta don kar a ce ba a sani ba. Ya ce in aka bar ta an raina shi ke nan. Da yamma aka mayar da kujera.

Gaskiya kam ya yi aiki, wannan ba a hana shi. Kwana tara ya gama rubutawa, ya shiga gwaji gadan-gadan. Yakan tsaya gaban allon ya rubuta sunansa, ya danna Ci Gaba, ya sa shekarunsa, ya danna Ci Gaba, ya sa lambar wayarsa, ya danna Ci Gaba, tikiti ya fito. Kowane gwaji sai ya ja layi a jikin allon bango ya sanar wa ofis da babbar murya cewa an sake ci. Da ya kai na arba'in yatsunsa suka gaji da rubuta abu ɗaya, sai ya gyara abin ya zama sunansa da shekarunsa da lambarsa suna zaune a guraben tun farko, danna kore kawai zai yi. Da ya kai na ɗari kuma ya ga jiran lasifika na ɓata masa lokaci, sai ya ƙara wata dabara, duk inda na'ura ta ga sunansa ta tsallako da shi gaban layi. Ya ce a ransa ranar ƙarshe zai cire duka biyun. Bai rubuta a ko'ina ba, don shi ba ya mantuwa.

Ta fannin kyau kuwa ba a magana. Rubutun ya yi shi ƙanana, ruwan toka a kan fari, wai haka manyan kamfanoni ke yi. Abu ɗaya ne babba a allon, shi ne koren madannin Ci Gaba da ke can ƙasa, faɗinsa ya kai tafin hannu. Wurin shiga a gyara na'ura kuwa ya ɓoye shi a wani ɗigo kamar ƙwayar gero a kusurwar sama, inda ya ce ko Anti ta shekara tana nema ba za ta gano ba. Wani abokin aiki ya tambaye shi ko ba asibitin ido za a kai abin ba. Injiniya ya ce shi ya sa ma ya yi shi da kyan gani.

Ranar Asabar da rana ya kawo abin gida a kwamfutarsa, matarsa ta ce bari ita ma ta gwada. Ta ƙanƙance ido, ta matso, ta ce ina za ta rubuta sunan. Kafin ta gama tambaya ya kama yatsanta ya kai wurin. Ta miƙa hannu wani gefe, ya dawo da shi. Haka ya yi ta jan yatsanta kamar mai koya wa yaro rubutu har suka kai ƙarshe.

"Kin ga? Ko ke kin iya."

"Ni ban yi komai ba, kai ka yi. Sake min hannu in yi da kaina."

Ya ce ba shi da lokacin wasa, ya rufe kwamfutar, ranar Litinin ya ƙara layi ɗaya a allon bango ya zama ɗari uku da goma sha uku. Da masu kafa na'ura suka tambaye shi tsayin da za su maƙala ta a bangon asibiti, sai ya miƙe tsaye, ya nuna daidai hancinsa, ya ce nan ne ido yake faɗawa.

Ranar zuwan likita Injiniya ya iso da kwat da ƙulli a wuya. Ɗakin jira ya riga ya ɗauki mutane, masu baƙin tabarau da masu bandeji da waɗanda aka riƙo wa hannu. Sista na zaune a teburinta ta haɗe rai, an ce mata daga yau ba ruwanta da layi. Ba wanda ya lura cewa littafin mai baƙin bango na kan cinyarta a ƙarƙashin tebur, duk wanda ya shigo sai bironta ya motsa. Injiniya ya tsaya tsakanin Manaja da Mai Asibiti ya yi jawabi na kusan rabin awa, ya faɗi ɗari uku da goma sha ukun nan har sau huɗu, sannan ya ce bismillah.

Wata 'yar tsohuwa mai lema ce ta fara. Ta tsaya gaban na'urar ta ɗaga kai, ba ta ga komai ba sai farin haske da wani koren abu a ƙasa. Ko da ta ga sauran ma ba ta kai ba, don sai da ta yi ɗage kafin yatsanta ya taɓa koren. Ta danna, abin ya yi ƙara, koren ya dawo. Ta sake dannawa, ta sake, sai ga tikiti. Ta juya ta gaya wa na bayanta cewa abin ba wuya, kore sau uku ne. Kafin ka ce me, magana ta zagaye ɗakin, kowa ya zo ya yi kore sau uku ya karɓi takardarsa ya zauna. Ba wanda ya karanta abin da ke jiki, don da suna iya karanta irin wannan rubutun ai da ba su zo ba.

Injiniya na can gefe yana duba agogo, yana raɗa wa Mai Asibiti cewa daƙiƙa huɗu kowane mutum ke ɗauka, Sista kuwa minti uku take yi. Wayarsa sai ƙara take a aljihu ba ƙaƙƙautawa. Ya ɗauka saƙonnin taya murna ne, ya ce zai duba in ya samu sarari. Bai tuna cewa na'urar na tura saƙo ga duk lambar da aka shigar ba.

Ƙarfe goma daidai Baba ya shigo da sandarsa, 'yarsa na riƙe da shi, ya sha farar riga ɗinkin hannunsa tun zamanin ido na gani. Injiniya ya tare shi da rawar jiki, ya kai shi gaban na'ura yana cewa a ba da hanya. Yana ɗaga ido ya ga sunansa zaune daram a gurbin suna. Ya waiga ya ga ba mai kallo, ya goge da sauri, ya rubuta na Baba tsaf da shekaru da lamba, yana lallashin kansa cewa ai duk mai hankali zai goge kafin ya danna. Ya miƙa wa Baba tikiti da hannu biyu. A duk ɗakin Baba kaɗai ne aka shigar daidai, kuma wannan ne ya kashe shi.

Likita ya danna ƙararrawarsa daga ciki, wata babbar talabijin da aka haɗa da na'urar a bango ta kawo haske. Daga sama har ƙasa suna ɗaya ne jere reras, sai can a gindi sunan Baba, na talatin da takwas, don da yawa sun yi kore shida ko tara saboda tabbatarwa. Lasifika ta buɗe baki da muryar mace mai ladabi ta ce Injiniya Sau-Ɗaya, mai shekara talatin da huɗu, ɗakin likita.

Mai Asibiti ya juyo a hankali. Manaja ma ya juyo. A nan ne mutum mai rabo zai ce a dakata, an samu kuskure. Amma kalmar ba ta taɓa bi ta bakin Injiniya a kan aikinsa ba, kuma ba a gaban surukinsa za ta fara ba.

"Da gangan ne, ranka ya daɗe," in ji shi. "Na sa kaina a farko ne don in nuna wa jama'a yadda ake yi. Da ma kwanan nan idona na ɗan ƙaiƙayi."

"Ashe mara lafiya ne," in ji Sista, ta miƙe. "To taho."

Nufinsa in ya shiga ya raɗa wa likita gaskiya ya fito, sai ga Mai Asibiti da Manaja sun biyo shi su ga yadda ake yi. Likitan kuwa ba mai hira ba ne. Ya rubuta lamba ɗaya a takardarsa, ya haska masa tocila, ya ce bai ga komai a waje ba, a ɗiga masa maganin buɗe ƙwayar ido a duba ciki. Injiniya ya buɗe baki zai ce ƙaiƙayin ya tafi, Sista ta kama haɓarsa ta ɗaga sama, ta ɗiga dama ta ɗiga hagu, ta ƙara ɗaya-ɗaya don alheri. Ta ce ya jira a waje, kar ya damu in ya ga duniya ta yi fari.

Yana fitowa lasifika ta sake kiran Injiniya Sau-Ɗaya, mai shekara talatin da huɗu. Ba wanda ya motsa. Ta sake kira. Sai wani tsohon malamin makaranta ya zaro gilashin ƙara girman rubutu daga aljihu, ya kara a tikitinsa, ya daɗe yana dubawa, ya miƙe ya gyara hula ya ce ashe shi ake kira. Na kusa da shi ya miƙo nasa a duba masa, shi ma Injiniya ne. Nan da nan aka yanyame malamin, yana karantawa yana miƙawa, duk wanda aka karanta wa sai ya nufi ƙofar likita.

Wani ƙaton ɗan kasuwa mai bandeji a ido ɗaya ya riga kowa isa. Shi ɗazu jingina ya yi da na'urar yana amsa waya, ta zubo masa tikiti bakwai, don haka ya ce sau bakwai za a duba shi kafin a duba wani. Tsohuwar mai lema ta sa lemar ta tokare ƙofa.

"Kauce, ɗan nan. Ni na fara dannawa, ni ce Injiniyar farko."

"Iya, an ce mai shekara talatin da huɗu."

"To, takardar hukuma ce ta faɗa. Jikokina goma sha ɗaya, yau aka mayar min da ƙuruciyata, kai ne za ka ƙwace?"

Malamin ya ce a bi doka, a jera bisa harafin farko na suna, aka tuna masa cewa sunan duk ɗaya ne. Wata mai goyo ta ce an ba jaririnta shekara talatin da huɗu shi ma, ko za a nema masa aiki. Mutum biyar suka cushe a ƙofar da ba ta ɗaukar biyu, likita daga ciki ya ce ba zai duba kowa ba sai an yi shiru, yana faɗa yana kallon agogo. Ga sababbin zuwa suna ta shigowa, ana gaya musu kore sau uku, kowa ya danna sai ya haye gaban Baba.

Baba na zaune ya dafa sandarsa. Ya karkato wajen 'yarsa ya tambaye ta na nawa yake.

"Hamsin da biyu, Baba."

"Ɗazu ba talatin da takwas kika ce ba?"

"Yanzu hamsin da uku."

Injiniya ya ji wannan da kunnensa, gumi ya karyo masa har ƙullin wuyansa ya jiƙe. Manaja ya damƙi hannunsa ya ce masa ta cikin haƙora ya gyara abin nan yanzu-yanzu. Ya ce minti ɗaya ne, ƙaramin abu ne, ya ture mutane ya isa gaban na'urarsa. To amma magani ya riga ya kama. Allon da ya tsara da hannunsa ya zama farin faranti mai ƙona ido. Rubutun ruwan tokan nan irin na manyan kamfanoni ya ɓace ɓat. Ya matso har hancinsa ya taɓa gilashi, ya ja baya, ya rufe ido ɗaya, ya kare goshi da hannu, hawaye na zuba. Ɗigon nan da ko Anti ba za ta gano ba, shi ma bai gano shi ba. Ya lalubi kusurwar dama, ya lalubi ta hagu, abin bai motsa ba. A duk faɗin allon abu ɗaya yake gani, wani koren abu a ƙasa.

Tsohuwar mai lema ta ji tausayinsa, ta leƙo ta gefen hannunsa ta ce, "Kore sau uku ne, ɗana. Kowa haka ya yi."

Ko ruɗewa ce, ko yatsa ne ya bi hanyar da ya saba sau ɗari uku da goma sha uku, Allah ne masani. Injiniya dai ya danna. Tikiti ya fito, wayarsa ta yi ƙara a aljihu, Baba ya koma na sittin da ɗaya. Ɗakin ya kece da dariya, har masu faɗa a ƙofa suka saki juna suka riƙe ciki.

Manaja ne ya kira Anti a waya, ba ta yi minti goma ba ta iso, da ƙurar sito a gefen mayafinta. Ba ta kalli allon ba. Ta sunkuya ta zare wayar wuta, lasifika ta mutu a tsakiyar sunansa. Ta miƙe ta kaɗe hannu, ta tambaye shi a hankali ko ya karanta 'yar takardar da ta bari. Ya ce yana nufin karantawa. Ta ce yau kam ba zai iya ba, sai gobe.

Sai Sista ta ciro littafin mai baƙin bango ta buga shi a kan tebur, ɗakin ya yi tsit. Ta ce tun buɗe ƙofa take rubuta kowa yadda ya shigo, kuma da haka za a bi, wanda bai yarda ba ga na'ura can ya je ya kai mata ƙara. Ta soma kira. Tsohuwar mai lema ce ta ɗaya, ta shige tana taku ɗaiɗai. Malamin na huɗu, ɗan kasuwa na tara, aka karɓe tikitinsa bakwai aka zuba a kwando. Injiniya na tsaye jikin bango ido rufe, yana ƙirgawa da yatsu, yana addu'ar da bai taɓa yi wa manhaja ba. Da aka kai na goma sha tara Sista ta ja layi ta rufe littafi.

Matar Injiniya ta matso ta ce ai mahaifinta ne na gaba. Sista ta buɗe ta duba ta ce haka ne, shi ne na ashirin a littafi, amma likita kai yake ƙirgawa, kuma ya riga ya rubuta lamba ɗaya a kan mai ƙaiƙayin ido. Injiniya ya lalubo teburin ya dafa, ya shiga roƙo. Ya ce a soke shi, idonsa ƙalau, ƙarya ya yi, bai taɓa ƙaiƙayi ba, duk laifinsa ne. A gaban Manaja da Anti da jama'a ya ce kuskure ya yi, har sau uku. Sista ta tausaya, ta shiga ta yi magana da likita, ta fito tana girgiza kai. An riga an cinye masa kusan awa guda a rigimar ƙofa, sha taran ma da ƙyar zai gama. Ta ɗauki biro ta ce za ta tuna da fuskar Baba, amma wata mai zuwa ya zo da wuri yadda ya saba.

Matar Injiniya ba ta yi masa faɗa ba, kuma da faɗan ta yi da ya fi masa sauƙi. Ta ce za ta je ta tsayar da mota, ta fice ba ta ko waiwaye shi ba. Ya ji kunya irin wadda bai taɓa ji ba, ya rasa inda zai sa kansa. Ya durƙusa wajen da yake zaton Baba yake ya soma ba da haƙuri, sai ɗan kasuwa ya ce masa ba shi ba ne, ya matsa dama kaɗan.

Baba ya bar shi ya gama. Sannan ya ce wata ɗaya ba shekara ba ce, keken ɗinki ba gudu zai yi ba, amma kujerar da aka mayar Injiniya ne zai je ya sake arowa, shi ne kuma zai ɗauko ta a ka ranar. Ya ƙara da cewa yanzu dai ya gane aikin nasa, in an tambaye shi ya san abin da zai faɗa. Injiniya bai yi ƙarfin halin tambayar me zai faɗa ba.

Suka nufi ƙofa. Ana buɗewa hasken rana ya doki idon Injiniya, ya ja da baya ya tsaya cak, ya miƙa hannu gaba yana laluben iska. Baba, da ya shekara biyu yana yawo cikin irin wannan hazo, ya juyo ya miƙa masa bakin sandarsa.

"Kama nan, Injiniya. Matakala uku ce, ta tsakiya ta fi sauran tsayi. Wanda ya gina ta bai sani ba har yau. Ni da na faɗi a kanta sau biyu na sani."

Injiniya ya kama sandar da hannu biyu, ya soma neman ta farko da ƙafa.